Turken Wuta da Shanun Hajo

Tun da na dawo daga rangadin nan bakina bai huta ba. In na fito daga masallaci, "Baba Masinja, yaya motar nan mai ɗaki?" In na zauna gindin durumi, "Wai da gaske ka kwanta a gadon Bature?" Jiya har wanzami ya tsaya da aska a maƙogwarona yana tambaya, kuma a wannan hali mutum ba ya ƙin amsawa. Na ba da labarin nan har ya fara dawo mini da ƙari, wai na kama wutar lantarki da hannu na jefa a aljihu. Saboda haka na sayi littafin rubutu, zan zuba shi da bokon nan da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa. Daga yau duk mai tambaya takarda zan miƙa masa, in bai iya karatu ba ya je ya koya, ni ma da furfurata na koya.

Ga yadda aka fara. Kun san cutar bushiya ta shigo cikin shanu bana. Ofishin dabbobi, inda na tsufa ina kai takardu, suka shirya rangadin allura zuwa Ikara da Makarfi da ƙasar Kudan. Bature likitan shanu shi ne zai tafi da motarsa, sai zazzaɓi ya kayar da shi. Aka ce Malam Iliya malamin dabbobi ya tafi a madadinsa, Garba direba ya ja mota. Malam Iliya mutum ne mai tabarau da ƙarancin magana. Garba kuwa Bakano ne, na gama bayani.

Motar da kuke tambaya, ɗaki ce aka ɗora wa ƙafafu. Akwai gado, akwai tebur da ake naɗewa, akwai ƙwai ɗaya na lantarki a rufi. Amma sarkin kayan shi ne wani farin akwatin sanyi, a cikinsa ake ajiye maganin allurar. Maganin nan ya fi jariri raki. In ya ji zafi ya mutu, ya zama ruwan banza, ko ka tsira wa saniya tulu guda ba abin da zai yi mata. A jikin ƙofar akwatin akwai tsinken gilashi na auna zafi mai jan layi, an yi masa alama da fenti. In jan layin ya haye alamar, sai a yi wa magani salla. Akwatin kuwa ba ya sanyi sai da wuta, wutar ba ta samuwa sai daga wani ƙaramin inji da ake saukewa daga bayan mota duk inda aka yada zango, a ja doguwar waya a haɗa. In ana tafiya, akwatin yana riƙe sanyinsa wajen rabin yini, kamar randa. Bayan haka sai addu'a.

Aka rasa wanda zai kula da wutar, aka ce ai ga Baba, yana jin tsoron komai, shi ya dace. Da na so in ƙi. Sai na kai labari gida.

Hajo, uwargidana, tana da shanu uku da ta gada wajen mahaifinta, suna kiwo hannun Jauro Bello a wata ruga bayan garin Taba. Su ne kaɗai abin da muke kallo mu ce in ƙarfi ya ƙare ga madogara. Da ta ji Taba na cikin rangadin, kuma ita ce zangon ƙarshe, sai ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Malam, wato maganin sai ya zaga duniya kafin ya kai ga shanuna?"

"Haka aka tsara."

"Kuma kai ne mai tsaron sanyinsa?"

"In na yarda."

"Ka yarda," in ji ta, ta ɗauki tankaɗenta.

Aka kai ni gareji wajen wani tsohon makaniki mutumin Lakwaja, ya yi kwana biyu yana koya mini. Ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai tsini, tsawon sandar makiyayi, ya ce kafin in ta da inji in kafa shi a ƙasa da guduma, in ɗaura masa waya daga jikin mota, sannan in zuba masa ruwa. Na ce ƙarfe ake ba ruwa? Ya ce, "Baba, wuta in ta ɓace hanya, ƙasa take nema. In ta sami wannan ƙarfe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta bi shi. In ba ta samu ba, ta bi kai." Na sa wa ƙarfen suna turke, tun da da turke ya yi kama. Ya ce inji a fili yake zama, nesa da mota, inda iska za ta kwashe hayaƙinsa, kada ya taɓa shiga ƙarƙashin rufin da mutane ke zaune, don hayaƙin yana kashewa ba tare da sallama ba. In ruwa zai sauko, ga fallen kwano, a kafa masa rumfa, gefe huɗu a buɗe. Mahaɗar waya kada ta kwanta a ruwa, jiƙaƙƙen hannu kada ya taɓa ta. Fetur sai an kashe inji ya huce. Daga ƙarshe ya nuna mini wani ɗan abu kamar guntun kara, ya ce fiyus ke nan, shi ne mai gadin wayoyi. In kaya suka yi wa wuta yawa, shi yake ƙonewa don mota ta tsira. Ɗaya na ciki, ga ɗaya na ajiya, babu na uku a duk garejin. Na cusa shi a naɗin hulata.

Na fito ina ganin abokan gabana su ne zafin bazara da ramukan hanya. Ban san karamcin mutane ne zai tsufar da ni ba.

Hanyar Ikara ba zan ɓata takarda a kanta ba. Garba yana tuƙi kamar wanda ake bi, ni ina baya rungume da akwatin sanyi, duk ramin da muka faɗa sai kaina ya gaisa da rufi. Na ce ya sassauta, ya ce, "Baba, ku Zage-zagi ko a kan jaki tsoro kuke ji." Na ce jaki dai ya san akwai mutum a bayansa.

A Ikara aka sauke mu a wani fili kusa da kasuwa. Na kafa turke, na ɗebo ruwa a buta ina zuba masa, gari ya kewaye ni. Wata tsohuwa mai daddawa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannu da ban ruwa, Malam. Wata nawa yake yi kafin ya yi 'ya'ya?" Na ce mata allurai yake haifa, in ya yi zan aiko mata. Ta ce Allah ya amfana. Har yau ban san wanda ya yi wa wani ba'a ba tsakaninmu.

Kwana uku muka yi nan, Malam Iliya yana fita rugage da safe da maganin yini a cikin gorar sanyi, ni ina gadin inji. A rana ta biyu na zaga bayan gida, ban yi minti goma ba. Wani bawan Allah ya zo daga ƙauye kan jakinsa, ya duba ya ga ƙarfe a kafe a ƙofar baƙi, har an yayyafa ruwa kewaye. A wajensa me wannan yake nufi in ba an tanadi wurin ɗaure dabba ba? Ya yi godiya a zuciyarsa, ya ɗaure jaki, ya shiga kasuwa. Inji ya yi tari ɗaya, jaki ya zabura, ya tumɓuke turke, ya tsinke wata waya ta goga a jikin mota. Daidai lokacin Garba ya gama alwala, ƙafa a jiƙe, ya zo ya dafa mota zai sa takalmi.

Na ji ihu tun daga bayan danga. Na tarar da Garba zaune a ƙasa yana duba hannunsa, yana cewa, "Wa ya buge ni? Wane ne?" Na kashe inji tukuna, sannan na ce, "Babu kowa. Wuta ce ta nemi ƙasa, ta ga Bakano ya fi kusa." Allah ya taƙaita, fizga ɗaya ta yi masa. Mai jaki ya dawo, ya tsaya kan bakansa cewa laifina ne, don a garinsu ba a kafa turke a hana ɗaure dabba. Da gaskiyarsa, domin a namu garin ma haka ne. Tun daga ranar nake kewaye turke da ƙaya, kamar dashen mangwaro.

Tuwon Ikara ba laifi, sai dai miyar kukarsu ta cika kauri, kana iya ɗinke riga da ita. Gadon Bature kuwa, tun da kun dage, na kwanta a kai sau ɗaya da rana. Lumewa yake yi da mutum kamar taɓo, na tashi da ciwon baya, na koma tabarmata.

Daga Ikara aka haɗa mu da ɗan rakiya har iyakar ƙasarsu da ta Makarfi, wani rafi ne da ya ƙafe sai yashi. Mota ta shiga ta kafe tsakiya cif. Ɗan rakiya ya tsaya a bakin gaɓa ya ce ikonsa nan ya ƙare. Na ce ƙafafun baya ai suna ƙasarku, ka tura su, na gaba ka bar wa mutanen Makarfi. Ya ce sai ya koma ya tambayo. Rana ta take, jan layi ya fara hawa ina kallo. Na sauke inji nan cikin yashi, na tona da hannu har na tarar da danshi, na kafa turke. Garba yana cewa, "Baba, don awa biyu ma sai ka yi wannan tsafin?" Na ce ya dafa motar in yana shakka. Bai dafa ba. Wasu masu rake da ke wucewa su suka fid da mu, suka ƙi karɓar komai, suka bar mana ɗaurin rake a kai.

Makarfi gari ne na rake da mazarƙwaila. Kowa ya zo gaisuwa da curi a hannu, ni kuwa haƙorana huɗu suka rage, biyu ma ba sa ga maciji da juna. Wanda ya sauke mu wani attajirin mazarƙwaila ne, mutum mai fara'a, ya yanka mana kaji, ya hana mu taɓa ko tulu. A Zariya in ka yi baƙo kwana uku kana fara yi masa zancen hanya. A nan in ka ambaci tafiya sai a ɓoye maka takalmi.

To wannan alheri shi ya tsaya wa Garba a rai, ya ga lalle sai ya rama. A cikin kayan Bature akwai wata buta da ke tafasa ruwa ba itace ba gawayi, makaniki ya ja mini kunne cewa ita da akwatin sanyi ba sa shan wuta tare. Ranar kasuwa na tafi sayo wa Hajo mazarƙwaila. Ina dawowa na tarar da mai masaukinmu da abokansa goma sha sun yi layi a ƙofar mota, Garba a tsaye da buta kamar mai wa'azi.

"Alhaji, ka sa ido. Babu wuta, babu hayaƙi. Yanzu za ka sha shayi."

Na ɗaga murya daga nesa, "Garba, kada ka..."

Ƙyat. Ƙwan rufi ya mutu, akwatin sanyi ya yi shiru. Alhaji ya leƙa cikin buta, ya sa yatsa, ya ce, "Da sauransa, ko?"

Na kore su duka cikin ladabi, na cire buta, na kashe inji, na zare fiyus ɗin da ya ƙone, na warware hulata na sa na ajiya. Na sake ta da inji, akwatin ya dawo da gurnaninsa. Na ce wa Garba, "Ka ga wannan? Shi ne na ƙarshe. Shanun Hajo a kansa suke tsaye. In ka sake taɓa wayar nan, kai za ka je ka yi mata bayani, ni ba ni zuwa." Ya san Hajo, ya taɓa kawo mata itace jiƙaƙƙe. Daga ranar ko kallon butar bai sake yi ba.

Daga Kudan muka gangara Taba, hanyar shanu ce ba ta mota ba, muka yi ta sauka muna cike ramuka. Sai bayan azahar muka isa unguwar da za mu sauka, can bayan gari. Ba zan faɗi sunanta ba, don mai unguwar mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya kusa hallaka mu. Zan kira shi Mai Unguwa kawai. Dattijo ne dogo, muryarsa kamar ana kiran salla. Tun kafin mota ta tsaya ya sa an share zaure, an kawo fura, an kama ɗan akuya.

Jan layi ya riga ya yi sama saboda daɗewar da muka yi a hanya, saura kamar faɗin yatsa biyu ya kai alama. Ban ko sha furar ba. Na kafa turke, na ba shi ruwa, na kewaye da ƙaya, na kai inji can gindin wata tsamiya. Na ga gabas ta yi duhu, sai na kafa masa rumfar kwano, na ɗora mahaɗar waya kan turmin da aka kifa don kada ta taɓa ƙasa. Mai Unguwa yana tsaye yana kallo, fuskarsa ba daɗi.

"Baba, me na yi muku?"

"Ranka ya daɗe, alheri."

"To me ya sa kayanku ke waje kamar na wanda aka kora? Ga zaure."

Na yi masa bayanin hayaƙi dalla-dalla. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, to, madalla." Ku da kuka san mutanen karkara kun san wannan "to" ɗin. Ni da na tsufa a birni na ɗauka yarda ce.

Muka taka da Malam Iliya zuwa rugar Jauro Bello, tafiyar kamar daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada. Jauro ya tarye mu, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake sabuwa. Sannan ya ce shekaranjiya shanu sun fara faɗuwa a rugar da ke hayin rafi. Aka shirya gobe da hantsi a tara garken rugage uku a yi allura. Na tambayi na Hajo, ya ce suna daji tare da sauran, farar ma tana da ciki. Muna cikin haka iska ta taso, ruwan farko na bana ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a bukka. Ina zaune ina lissafin rumfata, ina yaba wa kaina. Sai kunnena ya ba ni wani abu. Daga rugar ana jin inji tun da muka zo, sama-sama. Yanzu ma ina jinsa in iska ta juyo, amma muryarsa ta sauya, ta zama kamar mai magana cikin tulu.

Na tashi na fita cikin ruwan. Malam Iliya yana kira, ban waiga ba. Mutanen da suka ce tsoho ba ya gudu ba su taɓa auren Hajo ba.

Na iso gindin tsamiya, ga rumfa, babu inji. Ga ƙaya an kawar gefe, babu turke. Waya ta bi ƙasa ta nufi zaure, mahaɗarta kwance tsamo-tsamo cikin ruwan da ke zuba daga indararo. An saki asabarin zaure, an kuma tokare da tabarma don feshi. Daga ciki inji ke ta bugawa.

Abin da ya faru, daga baya na ji, shi ne da hadari ya haɗo Mai Unguwa ya ce ba a taɓa yi ba, ba kuwa za a fara a kansa ba, ruwa ya doki kayan baƙo a ƙofar gidansa, balle kayan Bature, gobe a yi da shi a kasuwar Hunkuyi. Ya sa ƙarti huɗu suka ɗauki inji yana aiki suka shigar. Ya ga turke a ruwa, ya ce zai yi tsatsa, aka cire aka goge aka shafa masa man gyaɗa. Sannan shi da dattawa biyar suka shiga fakewa, suka rufe ƙofa.

Na fizge asabari. Hayaƙi ya buge ni har na ja da baya. Dattawa suna jingine da bango kamar masu jin wa'azi bayan cin tuwo, ɗaya ya kifa kai a gwiwa, Mai Unguwa ya ɗago ido da ƙyar ya ce, "Baba... sannu da... ruwa." Hannuna a jiƙe, ƙafata a jiƙe, babu turke. Na tuna Garba a Ikara. Na ja numfashi a waje, na shiga na taka busasshiyar tabarma, na ɗauki sandar wani dattijo na ture makashin inji da ita. Ya mutu. Sannan na yi ta ihu har gidan ya fito, muka jawo su waje ɗaya bayan ɗaya muka shimfiɗa a ƙarƙashin tsamiya, ruwa na dukansu. Wanda ya kifa kai ya daɗe bai motsa ba. Matarsa ta fara salati. Malam Iliya ya iso, ya kwance masa rawani, ya juya shi, ya yi ta danna masa ƙirji. Can ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido ya tambayi takalminsa. Ban taɓa jin daɗin ganin amai ba sai ranar.

Sai ga Garba ya fito daga cikin gida, hannu duk man dambu.

"Kana ina aka ɗauki inji?"

"Baba, an tambaye ni. Ni baƙo ne, ina cin abincin mutum, in ce masa a'a?"

Ba ni da lokacinsa. Ruwa ya tsagaita, na shanya hannu, na shiga mota. Akwatin sanyi shiru. Na zare fiyus, ya yi baƙi ƙirin. Tun lokacin da mahaɗa ta faɗa ruwa ya ƙone, wato injin nan duk hayaƙin da ya shaƙa wa dattawa a banza ya yi shi, ko ɗigon wuta bai kai mota ba. Jan layi saura faɗin ƙwayar dawa.

Garba ya matso ya rage murya. Ya zaro takardar azurfa ta kwalin taba ya naɗe ta. "Baba, mu direbobi haka muke yi. A cusa wannan a gurbinsa, wuta ta wuce. Ba wanda zai sani."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na karɓa. Na riƙe ta a hannu, ina ganin farar saniya mai ciki, ina ganin fuskar Hajo. Amma wayar nan ta sha ruwa, ban san inda ta ji ciwo ba, kuma makaniki ya ce in ka cire mai gadi ka sa wanda ba ya mutuwa, to motar ce za ta mutu a madadinsa, da akwati da magani da galan-galan na fetur da ke bayanta, a tsakiyar unguwa mai rufin ciyawa. Mutum shida na kwance a waje saboda an ce "ba komai" sau ɗaya. Na murƙushe takardar na jefar.

Na ce wa Malam Iliya, "Wuta ta ƙare. Maganin zai kai gobe da hantsi?"

Ya cire tabarau ya goge. "Ba zai kai ba. In za a yi, yau ne, kafin duhu."

"Shanu suna daji."

Ashe Mai Unguwa yana jinmu. Yana zaune a taɓo, ya riƙe kai da hannu biyu, rawani a cinya. Ya ce, "Me ake so?" Na faɗa masa, kuma ban sa zuma a bakina ba, na manta da ranka ya daɗe gaba ɗaya. Ya saurara har na gama. Sannan ya miƙe yana tangaɗi, ya buɗe muryar nan tasa.

"A kira mini makaɗi! A buga gangar gayya! Baƙona yana neman shanu!"

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan ba. Abin da ya shigar da inji zaure, shi ne ya fitar da unguwa duka daji. Masu keke, masu jaki, masu ƙafa, kowa ya nufi inda ya san makiyaya na kiwo. Kafin la'asar ta yi sanyi ƙasa ta fara rawa. Aka kafa shinge da itacen rumfata, ƙartin nan huɗu da suka ɗauki inji su suka zama masu kayar da shanu. Malam Iliya yana tsira allura, wani yana tsaga kunne don shaida, ni ina miƙa kwalabe, ina buɗe akwati in rufe da sauri kamar mai satar nama a tukunya.

Na so in raɗa wa Jauro Bello ya turo na Hajo gaba, kunya ta hana ni, ga mutane. Ashe ban san Fulani ba. Da garkensa ya iso, shanu uku ne a gaba yana riƙe da igiyarsu da kansa, farar tana jan ciki. Nasa duk suna baya. Na ce, "Jauro, naka fa?" Ya dube ni kamar na yi zancen yara, ya ce, "Na amana su ne gaba." Na juya na yi kamar hayaƙin ɗazu ne ya dawo mini ido.

Ana kiran magariba aka tsira wa ta ƙarshe. Na duba tsinken gilashi, jan layi ya hau kan alama ya zauna, akwatin kuwa babu komai ciki sai kwalabe wofi.

Da safe dattawa shida suka zo sallama, kowa da ɗaurin kai saboda ciwo. Mai Unguwa ya kawo zakara biyu da ƙwaryar man shanu, sannan ya miƙo mini turke da hannu biyu, yana ƙyalli, an naɗe shi a sabuwar tabarma. Na yi masa wa'azin hayaƙi karo na biyu, na haɗa da rantsuwa. Ya ce, "To, to, madalla." Garba ya ta da mota. Har mun fara tafiya Mai Unguwa ya biyo mu, ya kama taga.

"Baba, in ka je ka gaya wa Bature."

"Me zan gaya masa, ranka ya daɗe?"

"Ka ce ko ɗigo ɗaya bai taɓa injinsa ba a ƙofar gidana."

Har muka wuce Hunkuyi Garba yana dariya, mota na karkacewa.

Na iso gida da ciwon baya da tari da ƙafa a kumbure. Hajo ta taryi zakarun, ta auna nauyinsu a hannu, sannan ta dube ni.

"An yi musu?"

"An yi. Su ne ma na farko. Farar tana da ciki."

"Alhamdu lillahi." Ta leƙa jakata. "Ina mazarƙwailar da na ce?"

Na tuna na bar ta a ƙofar Alhaji a Makarfi, ranar buta. Na fara ba ta labarin fiyus, da dattawa shida, da gudun da na yi cikin ruwa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wato dai ka manta."

To kun ji. Wanda ke da sauran tambaya ya je ya yi wa Hajo.